Hawa Bakwai Injiniya Zaharaddeen Ya Ce

Zuwa ga mai girma Shugaban direbobin tashar albasa ta Aliero, da mataimakinshi, da dattawan tasha baki ɗaya. Bayan gaisuwa da ladabi, ni Arzika, shugaban masu lodi, wanda ya kammala ajin yaƙi da jahilci a bana, ni na rubuta wannan da hannuna, ba wanda ya riƙa mini alƙalami.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, bakwai ga watan Shawwal, Allah ya karɓi ran Injiniya Zaharaddeen a Jega Sabon Gari, bayan zazzaɓin kwana huɗu.

Injiniya, ka zo tasharmu da kwamfuta, ka nuna muna motar albasa a cikinta, iska ja da shuɗiya tana bin jikinta. Ka ce na'ura ta lissafa cewa ko buhu ya kai hawa tara, iska ba za ta kayar da mota ba. Mu munka yi murna, kai ba ka yi ba. Ka ce sai an gwada a kan kwalta.

Cikin masu lodi goma sha biyu ni ka zaɓa in liƙa zaren ulu ɗari biyu a jikin tamfal, don a ga inda iska take bi. Giɗaɗo direba yana ta dariya: "Arzika, amarya za mu kai Maiyama?" Ka ce mishi, "Kawu, zaren nan ya fi ni gaskiya." Kai ne kuma ka karanta shafina na farko na ajin yaƙi da jahilci ba ka yi murmushi ba, ka gyara mini kalma uku.

Ranar gwaji, da lodi hawa tara, a filin Sarandosa, inda babu itace, iskar hadari ta bugo daga gefe. A kwamfuta iskar kwance take bi. A hanya na ga zare ya miƙe tsaye, tamfal ya kumbura, tayar baya ta bar ƙasa. Giɗaɗo ya sauko yana salati. Ka ce, "Na'ura ba ta san tamfal yana kumbura ba. A tsaya a hawa bakwai, har in gyara in sake gwadawa."

Ba ka samu sakewa ba. Yanzu takardar lissafinka ta farko, mai hawa tara, tana manne a bangon tasha da sunanka, masu kaya suna nuna mini ita da yatsa. Ga hadari yana haɗuwa kullum da la'asar. Ina jin tsoro, wallahi. Kowace mota na loda, na san 'ya'yan mai tuƙa ta.

Ya shugabannina, ina roƙo a cire takardar nan. Ni kam ba zan aza buhu a hawa na takwas ba, ko da za a tuɓe ni.

Injiniya, Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Kyauta, da iyalinka Malama Shafa'atu. Allah ya ba su haƙuri.

Waɗanda sunka ga tayar ta ɗaga, sunka kuma ji maganar Injiniya da kunnensu: Giɗaɗo direba, Tamu mai facin taya, da Audu mahauci na Kashin Zama, wanda yake biye da mu a babur. Dukkansu suna da rai. A kira su a tambaye su kafin lodin Asabar.