Tafiyata Haɗeja Gyaran Soron Fatu

Kano zuwa Malam Madori

Tun kafin assalatu na rataya jakar kayan aikina na nufi tasha. Ni magini ne, kuma Goggo Hansai, ƙanwar mahaifina, ita ta aiko in zo Haɗeja. Mijinta ya rasu ya bar mata tsohon soro mai bene inda yake tara fatu. Ruwa ya cinye gidajen danginsa a fadama, tana so a raba soron ɗaki-ɗaki su zauna. Dubagari kuwa ya ce rushe shi za a yi.

Jirgin Nguru ya tashi da hantsi, muka sauka Malam Madori bayan la'asar. Na kwana a rumfar wani mai awon gyaɗa, ya ba ni tuwon dawa da miyar kuka.

Malam Madori zuwa Haɗeja

Da safe direban babbar mota ya ce, "Malam, ruwa ya yanke hanya. Sai ya janye."

Na ce, "Soron ba zai jira ba."

Na bi masu jakuna. A wani kwari ruwa ya kawo mini ƙirji, na ɗora jaka a ka na haye. Da azahar na yi sallama a ƙofar Goggo.

Haɗeja

Ta ce, "Habu, ci abinci tukuna." Na ce sai na ga ginin.

Bangon ƙasa ya fi kamu biyu kauri. Bakan gizo huɗu sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiyar rufi, babu tsaga ko ɗaya. Amma a bene gara ta cinye azara, ina takawa yana lotsawa.

Dubagari ya same ni a can. Ya ce, "In ya rufto kan yara, wa zai amsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa kaka. In an gama, a ƙarƙashinsa zan shimfiɗa tabarmata."

Ya ce ya ba ni.

Fadama

Ni da mazan da za su zauna a ciki muka shiga kwalekwale neman giginya. Sauro ya sha jininmu, zazzaɓi ya kwantar da ni, amma muka faskara azara muka jawo ta bisa ruwa har gari.

Da muka dawo na sauya azarar bene. Ban taɓa bakan gizon ba, a ƙarƙashinsu na ja bangayen ɗakuna. Na huda tagogi warin fata ya fita, na fitar da matakala ta waje, na sa sababbin indararo.

Da kaka dubagari ya hau bene, ya buga ƙafa a kowace kusurwa. Ya sauko ya ce, "Ƙara taga a ɗakin gabas." Na ƙara.

Komawa

Ranar da zan taso, hayaƙin murhu biyar ke tashi a tsakar gidan. Hanya ta bushe, mota ta kai ni jirgi, na iso Kano da magariba. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen fadama da suka kwaɓa ƙasa da ni. Goggo ta aiko daga baya cewa an yi haihuwar fari a bene, an sa wa yaron sunana.