Magen da Ta Ƙi Saukowa

Tun tana ajin farko na sakandare aka laƙaba mata Caraf, kuma wallahi wanda ya raɗa sunan bai zalunce ta ba. Ka ɗauki waya kana laluben inda za ka danna, caraf ta karɓe. Babanta, mai gyaran rediyo da fanka, yana neman ɗan noti a gwangwani, caraf hannunta ya riga nasa. "Ke dai Allah Ya shirye ki," in ji mamanta tana dariya, "ko haihuwarki ma ba ki jira ungozoma ba."

A shagon babanta ta fara, da wata tsohuwar kwamfuta da mai ita ya kawo gyara bai sake waiwayarta ba. Ranar da ta rubuta mata umarni, kwamfutar ta bi, har ta gaishe ta da sunanta, yarinyar nan kasa cin abinci ta yi don murna. Daga nan shi ke nan. Lokacin tara yara na can suna hira a gindin bishiya, ita tana ɗakin kwamfuta na makaranta cikin zafi, tana rubuta abin da ko malamin sai ya gyara zaman tabarau kafin ya bi ta.

Sai dai kwamfutocin ba su ishi 'yan aji ba, bibbiyu ake zama, kuma zama da Caraf azaba ne. Kafin ki samo harafi ɗaya ta janye madannan gabanta, ta gama aikin, ta dube ki tana murmushi wai ta taimake ki. Ita har ga Allah taimako take yi. Ɗaya bayan ɗaya 'yan mata suka gudu, ya rage Doguwa kaɗai, ƙawarta tun firamare, mai danna madannai da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar hatsi.

Ita ma haƙurinta ya ƙare. Suna hanyar gida ta ce, "Ni ajin ɗinki zan koma. Tun da muka fara ina zaune kusa da ke, ba abin da na iya sai kallo."

In Doguwa ta tafi, da wa Caraf za ta zauna? Da wa za ta yi dariya? Washegari ta je wurin malamin kwamfuta ido ya kumbura, ta zayyana masa komai.

"Masu wannan aiki suna da wata hanya," in ji malam. "Ɗaya na rubutu, ɗaya na magana. Mai magana ba ya taɓa komai. Za ki iya?"

"Zan iya, Malam."

"Anya kuwa? To ki zauna a kan hannuwanki."

Shi da wasa ya faɗa, ita kuwa ta ɗauka da gaske. Da ƙyar ta shawo kan Doguwa ta yarda da gwaji na ƙarshe, aka zo aji, ta cusa tafukanta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna daram.

Aikin ranar haɗa ɗan wasan kwamfuta ne: mage tana gudu tana tsallake bokitai. Doguwa ta yi ta tsattsaga, Caraf na cije leɓe, har aka zo gwaji. Doguwa ta danna. Mage ta yi tsalle, ta yi sama, ta ƙara sama, ta fice ta saman allon kwamfutar ba ta dawo ba. 'Yan bayansu suka fashe da dariya, wata har da ɗaga wa magen hannu, wai a sauka lafiya.

Doguwa ta turo madannan gaban Caraf. "Karɓi ki gyara. Dama na gaya miki ni ba zan iya ba."

Kai, ranar Caraf ta ga jarrabawa! Tana ganin inda gyaran yake ƙuru-ƙuru, yatsunta har motsi suke a ƙarƙashinta. Ta tura madannan da gwiwar hannu suka koma.

"Ke in kin yi tsalle, me ke dawo da ke?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Nauyina mana."

"Ita magen wa ya ba ta nauyi?"

Doguwa ta ƙura wa allon ido. Aka buga ƙararrawa, aji ya watse, malam ya tsaya bakin ƙofa yana kaɗa makullai. Can yatsan nan ɗaya ya fara aiki. Ta danna. Mage ta yi tsalle ta sauko, sai dai ta zarce ta nutse cikin ƙasa ta ɓace. Caraf ta buɗe baki.

"Yi shiru!" Doguwa ta daka mata tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Na gane. Ban gaya mata inda ƙasa take ba."

Ta sake rubutu a hankali, ta goge, ta sake. Wannan karon mage ta tsallake bokiti ta dira cak a kan ƙafafunta.

Ihun da Doguwa ta yi sai da malam ya saki makullai. Ta miƙa hannu su tafa, Caraf ta zaro nata, ashe sun mutu murus, ko ɗaga su ba ta iyawa. Doguwa ta kama su tana murzawa, tana dariya har da hawaye, Caraf ma ta kasa riƙe nata, don ba ta taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan da ba ta sa wa hannu ba.

A bakin ƙofar gidansu, Doguwa ta juyo ta ce, "Gobe ki zo da wuri ki kama mana wuri. So nake magen nan ta koyi tsalle biyu."