Man Gyaɗa a Motar Yaya

Ko zan manta da komai, ban ga ranar da zan manta da abin da man gyaɗa ya jawo mini a kan motar yayana ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na bi ta inda ake suyar ƙuli-ƙuli sai na ji raina ya sosu.

Yayana na cikin mutanen Matameye masu tafiya cin rani. Da an kai gero rumbu sai ya saɓi jaka ya nufi Legas, ba a ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. A shekarar da abin ya faru ya sayi wata 'yar farar mota mai baƙar roba gaba da baya, da siririn layin roba a jikin ƙofofi. Ba sabuwa ba ce, amma yadda yake lallaɓa ta sai ka rantse jiya aka ƙera ta. Da zai tafi, kowa a gida ya ce kada ya bar mini ita, wai ni ko alli ban iya adanawa ba, alhali koyarwa nake yi a lakol, wato makarantar boko. Shi kaɗai ya tsaya mini. Ya danƙa mini makulli a gaban kowa, ya ce, "Ka hau ta duk inda kake so. Abu guda nake roƙonka, ka riƙa sa ta a inuwa. Rana na cin robar nan."

Na ce to. Na kuwa yi ƙoƙari, na sati biyu. Bishiya ɗaya ce tak a lakol ɗinmu, darekta kuma ya riga ya mallake ta da babur ɗinsa. Tun ina zagaye neman inuwa har na gaji, na koma ajiye ta duk inda ta tsaya. Haka ta sha ranar bazara tun daga hantsi har la'asar, ni kuma ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba.

Ran nan Yaya ya bugo waya ya ce jibi yana hanya. Sai a lokacin idona ya buɗe. Robar nan da ya bari baƙa wuluk ta koɗe, ta yi fari-fari kamar ƙafar da ta kwana biyu ba ta ga mai ba. Ba faɗansa nake tsoro ba, don ba mafaɗaci ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce masu cewa ba ni da riƙon amana su ne suka yi gaskiya.

Na garzaya wurin mai wankin mota a bakin tasha. Ya shafa robar ya ce akwai man da aka yi domin ta, ana wanke ta da sabulu, a bari ta bushe, sannan a goga shi kaɗan da tsumma. Sai dai ba a samunsa sai Damagaram. Ni kuwa ga jarrabawa ana yi, ba halin tafiya.

Ina zaune a ƙofar gida na rafka tagumi sai ga Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda sana'arta ke nan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta ji damuwata, ta kwashe da dariya. Ta kira ni yadda ake kiran malaman lakol, ta ce, "Haba Mushe, duk karatun naka bai koya maka wannan ba? Akushina ya girme ka, je ka ga yadda yake sheƙi. Me nake shafa masa in ba man gyaɗa ba?" Na ce, "Gwaggo, mota fa ba akushi ba ce." Ta ce, "Baƙi dai ba baƙi ba ne? Ungo nan."

Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ilimi, wallahi na karɓi kwalbar nan da hannu biyu har ina godiya. Washegari da sassafe na bi robar kaf na shafe ta, ban yi rowar mai ba. Abin haushin shi ne ya yi aiki. Roba ta dawo baƙa, tana walƙiya, har maƙwabcina ya tambaye ni ko sabuwa na sa. Don tsabar tattali sai na kai ta ƙarƙashin darbejiyar bakin layinmu, inuwar da na kasa nema mata wata da watanni, na taka da ƙafa zuwa lakol don kada komai ya taɓa ta.

Da azahar na dawo. Tun daga nesa na hango taro a gindin bishiyar, amma ba na mutane ba. Awakin unguwarmu ne kaf, har da waɗanda ban san masu su ba. Wasu na lasar gaba, wasu na lasar baya. Wani jan bunsuru ya kama layin robar ƙofa da haƙori yana ja, ya riga ya ɓamɓare rabinsa. Wata akuya kuwa ta haye kan murfin inji ta tsaya, kofatanta sun zane farin fentin nan tsaf. Na kwasa da gudu ina ihu, takalmina ɗaya ya fita. In na kore su ta nan sai su zagayo ta can. Da na samu suka watse, sai na ga kiyashi sun yi layi daga taya har madubi.

Na je wa Gwaggo ina huci. Ko ɗagowa ba ta yi daga kaskonta ba, ta ce, "Ni cewa na yi ka shafa. Na ce ka ajiye ta a hanyar awaki?" Na juya na koma wurin motar. Na wanke motar sau uku da sabulu. Maiƙo ya fita, robar ta koma koɗaɗɗiyarta, ga kuma shaidar haƙori da ta kofato da ba sabulun da zai fitar.

Washegari Yaya ya iso da hantsi. Bayan an gaisa ya zagaya motar a hankali, ya tsuguna ya taɓa inda aka tattauna. Na kwashe labari duka na faɗa masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Koɗewa ai ba komai ba ce, man gyaranta ma yana cikin jakata, na sayo. Da ka faɗa mini a waya, da na ce ka bar ta haka." Ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da rani ya zagayo, ya yi shirin tafiya. Ya kafa rumfar zana a cikin gida, ya shigar da motar, ya ba matarsa makullin, ita da ko tayar da mota ba ta iya ba. A nan na gane cewa ɓarnar da rana ta yi mai gyaruwa ce, wadda na yi garin ɓoye ta ita ce ta raba ni da yardar ɗan'uwana. Tun daga ranar, in abin wani ya samu matsala a hannuna, kafin na nemi dabara sai na fara faɗa wa mai shi.