Duwatsu Biyu na Baba

Kowa a Kurfi cewa yake tsoro ne ya hana ni zuwa bakin rijiya tun rasuwar Baba. Ba tsoro ba ne. Shi ma ba a rijiya ya rasu ba, zazzaɓin kwana huɗu ya yi.

Haƙar rijiya ce sana'arsa. In aka kira shi yasar tsohuwar rijiya, kafin ya shiga sai ya saki dutse ya kasa kunne, daga ƙarar ya san zurfinta. Kullum dutsen kamar dunƙulen hannu. Wai babba ƙarya yake yi, don yana riga ƙarami isa ƙasa.

Ina aji biyar a sakandare a Dutsin-Ma malaminmu ya hau tebur, ya saki ƙaton kwaɗon ƙofa da ɗan makullinsa. Tare suka dira. Ya ce nauyi ba ya ƙara wa abu saurin faɗuwa, takarda ma iska ce ke tare ta.

Da na zo hutu na tarar da Baba a zaure yana koya wa abokansa zancen dutsen nan. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Baba, ba haka ba ne. Shekara da shekaru kuskure kake yi."

Wani abokinsa ya ce, "Malam, yau boko ya zo yi maka yasa." Aka kwashe da dariya.

Baba ya dube ni ya ce, "To, ɗiyata. Ran Juma'a ina da aiki a Rawayau, ki zo mu gwada. In kin ci, ke za ki shiga ramin."

Ban je ba. Bikin ƙawata na tafi. Na ce abin da na riga na sani, me zan gwada? Hutu na gaba babu shi.

Bayan arba'in Inna tana shara ta jawo tsohon buhu daga ƙarƙashin gadonsa. Duwatsu biyu, ɗaya kamar kan jariri, ɗaya kamar goro. Ta ce, "Naki ne. Ranar har la'asar ya kai yana jiranki. Abokan aikinsa suka ce a sake su mana a gani, ya ce sai kin zo."

Na san tare za su taɓa ruwa. Sanin bai amfana mini komai ba. Gaisuwar nan da na katse ita ke hana ni sakat.

Buhun yana bayan ƙofata wata bakwai ke nan. Juma'ar nan zan hau acaɓa da shi zuwa Rawayau. Zan yi wa Baba addu'a tukuna, a nutse, sannan in sake su cikin rijiyar da ya jira ni.