Malam Mainasara Mai Jiran Fito

Duk Asabar, da an idar da sallar asuba, Malam Mainasara, malamin kimiyya a wata sakandare ta Yelwan Yauri, zai ɗauki gorarsa mai naɗe da wayar eriya da akwatin da ya harhaɗa da tarkacen rediyo, ya hau motar Warra. Ranar da ya fara zuwa bakin ruwa, Dudu mai jirgi ya tambaye shi, "Malam, mi kaka jira?"

"Fito."

"To ga jirgi, shigo mana!"

Malam ya yi dariya. Ba fiton ƙetare ruwa yake nufi ba, irin na baki yake nufi, wanda sama ke yi. Ya ce can birbishin gajimare akwai siririyar iska cike da ƙwayoyin lantarki. In an yi walƙiya, kaɗawarta kan ratsa iskar tana ture ƙwayoyin, kamar yadda igiyar ruwa ke wasa da kwale-kwale. A akwatinsa ana jin abin kamar fito mai gangarowa, sai dai a yankinmu ba kasafai yake zuwa ba. Dudu bai gane ko ɗaya ba, amma ya riƙa kai shi tsibiri, nesa da ƙugin wayoyin lantarkin Kainji.

Tun kafin a ciro Kebbi daga Sakkwato yake wannan sintiri. 'Yan lokutan da ya ji fiton, shi kaɗai ne. Burinsa wani kunne ya shaida, ko a daina yi masa kallon taɓaɓɓe. Iyaye kuwa suka ce fito kiran aljannu ne, suka hana 'ya'yansu binsa.

Kai ne ka koyar da rabin ma'aikatan garin nan, Malam, sarkin haƙuri, amma abin da ka fi so ka nuna musu ba wanda ya tsaya ya saurara. Wannan abin takaici ne.

Bana ya yi ritaya, kunnuwansa kuma sun mutu. Duk da haka ya koma tsibirin, ya maƙala wa Dudu abin sauraro. Hadari na haɗuwa yamma, sai Dudu ya zabura.

"Malam! Wallahi wani ya yi fito cikin abin ga!"

"Yaya yake?" in ji Malam, ganin yadda ya zaro ido.

Dudu ya tsuke baki ya kwaikwaya, daga sama ya gangaro. Malam ya ƙura wa leɓunansa ido, hawaye na zuba.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Matasan Yauri, akwatin na nan, Dudu ma bai jingine sandar tuƙin jirginsa ba. Ku je ku ji, ku zo ku kwaikwaya wa Malam. Ku dai tsaya inda zai ga bakinku.