Baƙin man tarakta da na shafa wa ciwo

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ban ce muku uffan ba a nan. Masu cewa na gudu Kano, ina nan Guci, jinya na yi.

Kun san tsohuwar taraktata, ta girmi ɗana na fari. Duk kaka, kafin a fara sussukar gero, nakan juye man buwat, wato akwatin giyar tarakta, in zuba sabo, in sa giris a kardan, sandar nan ta baya mai juya injin sussuka.

Bana kardan ɗin ya cije, tsatsa ta kama haƙoransa. Na kashe inji, na fizga da ƙarfi, ƙarfe ya yanke ni a manuniyar hannun dama. Ɗan yanka ne, ko jinin kirki bai zuba ba.

Sai na yi abin da muke yi a gareji tun muna yara. Na tsoma yatsan a baƙin man da na juye, na ɗaure da tsumma, na koma aiki.

Kwana biyu yana zugi. A na huɗu hannu ya kumbura har agogo ya ƙi shiga, zazzaɓi ya rufe ni. Ni kuwa hankalina na kan mutanen Waca da ke jirana da damman geronsu.

Rabi, matata, ita ta kwance tsumman. Wari ya sa ta kau da kai.

"Malam, taraktar nan ko tari ta yi ba ka iya cin abinci. Kai hannunka na ruɓewa kana ce mini gobe?"

Ita ta nemo mota, ita ta tura ni ciki.

A asibitin Magariya aka wanke ciwon, aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka ɗebi jini har da awon sukari. Likita ya tambayi abin da na shafa. Na ce man buwat.

"Wanda ke cike da garin ƙarfe?"

Na sunkuyar da kai. Ni da nake tace wa tarakta mai da ƙyalle don kar ƙwayar yashi ta shige ta.

Likita ya ce, "Yatsa ya riga ya tafi. Hannun muke nema yanzu." Ya ja layi da alƙalami a saman wuyan hannuna. In kumburin ya tsallake layin, sai Damagaram, a yanke daga gwiwar hannu.

Wallahi na ji tsoro. Da me zan sa giya? Da me zan ci tuwo, in gaisa da mutane?

Aka cire yatsan. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, wankin ciwo kullum da safe wanda ya sa ni, da furfurata, na kira innata. Ragunanmu biyu suka tafi kasuwa.

Kowace safiya Rabi sai ta duba layin nan kafin ta ce mini ina kwana. Sannan ta dama fura, ta ɗebo a ludayi: "Buɗe tanki, Malam, in zuba mai."

Rana ta shida kumburin ya ja baya. Likita ya latsa, ya ce alhamdu lillahi. Rabi, wadda ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba, ta fita waje ta daɗe. Da ta dawo ido jawur, wai hayaƙin masu tuya ne.

Kwana goma sha tara muka yi aka sallame mu.

Na gode wa Allah. Na gode wa likita da masu jinyar da suka jure raki na, da ku da kuka yi ta addu'a. Rabi kuma, ban san da bakin da zan gode mata ba.

'Yan uwana masu tarakta, ku kashe inji kafin ku taɓa kardan. Ku riƙa sa masa giris tun bai cije ba. In ƙarfe ya yanke ku, ruwa da sabulu, sai asibiti a ranar. Baƙin man nan, ko buwat ɗin ba ta son shi, shi ya sa muke juye shi.

Wanda zai zo duba ni, ya miƙo hannu mu gaisa sosai. Yatsu huɗu ne, amma na dama ne.