Yumɓun Inna Dela

Inna Dela maginiyar tukwane ce a bayan garin Garwa. Tun tana budurwa take ɗibar yumɓu a wani kududdufi da ke ƙafewa da rani, amma a gefe kawai take haƙa. Tsakiyar ba ta taɓa saka mata fartanya ba.

Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ɗana, akwai masu barci a ciki."

Wasu ƙananan kifaye take nufi, ba su kai yatsa ba, mazan da ja da shuɗi a jiki. Kafin ruwa ya janye sai su binne ƙwai a laka su mutu. Ƙwan ya yi ta jira a busasshiyar ƙasa har damina ta dawo. Mahaifiyarta ce ta damƙa mata amanarsu, ita kuma ba ta nuna wa kowa wurin ba sai Léontine, mai sayar da tattasai kusa da ita a kasuwa. Shekara da shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya. Ranar da ta kai ta, Léontine ta durƙusa a bakin ruwa tana dariya.

"Yaya Dela, waɗannan ai ko miya ba za su yi ba!"

"Ba na miya ba ne. Ki dai rufe mini baki."

"Bakina alaikum."

Da ranin bana Inna ta tafi Mora gaisuwar mutuwa. Ta dawo ta tarar da sawun kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, har tsakiyar kududdufin, an kwashe ƙasar, rami ya fi tsayin mutum. Didier, ƙanen Léontine, shi ya buga tubali da ita.

Ba ta je ta yi faɗa ba. Ta jira ruwa. Ramin ya cika, ta yi ta zuwa tana leƙawa har gero ya fitar da kai. Kwaɗi ne kawai da sauro.

Léontine ta same ta a rumfa ran kasuwa.

"Yaya, yaron ba shi da aiki. Ƙasa ce fa kawai."

"Da ba ki gan su da idonki ba, da na yarda."

Inna ta naɗe tabarmarta, ta ce in kama mata tukwanen. Muka kai su can layin mahauta, inda ba inuwa, ta shimfiɗa ta zauna.